Gangar lantarki a gidan bene: me ya sa maƙwabcin ƙasa ke jin bugun da mai ganga ba ya ji

Yawancin masu sayen gangar lantarki don neman zaman lafiya suke sayenta. Mutum ya gaji da ƙorafin mutanen gida, aka ce masa wannan ba ta ƙara, hedifon kawai zai maƙala ya yi ta bugu har asuba. Ya kafa ta a ɗakinsa na sama, ya rufe kunnuwa, ya shiga atisaye. Kwana biyu sai ga sallama a bakin ƙofa, maƙwabcin ƙasa ne: "Malam, don Allah me ake dakawa a sama da tsakar dare?" Mai ganga ya cire hedifon ya buga a gabansa, ba abin da ke tashi sai ƙwas-ƙwas na sanda a kan roba. Shi yana ganin an matsa masa, maƙwabci kuma yana ganin an raina masa hankali. Dukansu gaskiya suke faɗa, domin ba abu ɗaya suke ji ba.

Ƙarar da ke fita daga wannan ganga ta hanya biyu take bi. Akwai wadda ke bin iska: sanda ta sauka a kan faifai, iska ta kaɗa, sautin ya fita ta taga, ta ƙarƙashin ƙofa, ta saman silin. Akwai kuma wadda ke bin jikin gini, ita ce jijjiga. Duk wanda ya taɓa zama a gidan da ake daka a bayan katanga ya san ta: ƙarar taɓarya daban, dim-dim ɗin da yake ji a ƙasan ƙafarsa daban. Ko an rufe taga, wannan dim-dim ba ya tafiya, don ta ƙasa ya shigo. Maƙwabcin da ya tambayi abin da ake dakawa bai yi kuskure ba ko kaɗan. Fedar gangar ƙafa taɓarya ce, dekin benen kuma shi ne turmin.

A duba abin da ke faruwa a bugu ɗaya na ƙafar dama. Makaɗi ya ɗaga diddige, ya saki nauyin cinya da ƙwauri a kan feda. Sarƙa ta ja, kan guduma ya daki faifan da ke tsaye, faifan ya tura ƙafafunsa na ƙarfe cikin ƙasa. A lokaci guda allon fedar ya sauka a kan gindinsa, diddigen ya biyo baya. Duka uku ke nan a cikin ƙiftawar ido, kuma dukansu ƙasa suka nufa. Iska tana kai sauti da gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, kankare kuwa yana kai shi da sama da mita 3,000, kuma ba ya cinye shi da yawa a hanya. Jijjigar ta shiga dekin, dekin ya miƙa wa ginshiƙi da bango, sannan silin ɗin ɗakin ƙasa gaba ɗayansa ya zama tamkar fatar wata ƙatuwar ganga a kan mai barci. Shi ya sa wani lokaci mai ƙorafin ba ma na ƙasa kai tsaye ba ne, na ɗaki biyu ne a gefe.

Kafin a kashe ko sisi, a gano wace ƙarar ce ke damun mutane. A kashe akwatin sauti, wato na'urar da ke mayar da bugu ya zama sautin ganga, gaba ɗaya, a samu mutum ɗaya ya tsaya a ɗakin da ake ƙorafi, waya a kunne. Mai ganga ya buga abu ɗaya-ɗaya, kowanne rabin minti: fedar dama ita kaɗai, fedar hagu ita kaɗai, gangar tsakiya, sannan farantan sama. Na ƙasa ya faɗi wanne ya fi isowa, kuma da wace siffa, dim-dim ne ko ƙwal-ƙwal. A cikin ɗakin ma ana iya ganin abin da ido: a ajiye kwanon sha cike da ruwa a kan tayil, taku ɗaya daga feda, a taka. Idan fuskar ruwan ta yi zobe-zobe tana rawa, jijjiga tana shiga ƙasa. Manhajar auna ƙara ta waya tana taimakawa wajen kwatanta kafin gyara da bayansa, amma a kula da ma'aunin da take kai. Ma'aunin A, wanda yawancinsu ke farawa da shi, yana rage darajar ƙasan sauti sosai, sai lamba ta nuna lafiya lau alhali gado na rawa. Idan manhajar tana da ma'aunin C, shi ya fi dacewa da wannan aiki. Kusan ko yaushe a gidan bene ƙafafu ne masu laifi. A gidan ƙasa mai bango ɗaya da maƙwabci, sau da yawa farantan roba ne.

A fara daga tushe

Ƙarar da ba a haifar ba ba ta buƙatar katanga, don haka gyara mafi araha yana jikin gangar ne da jikin mai buga ta. Gangunan lantarki na farko da suka yi suna, irin Simmons SDS-V ta 1981, fuskarsu roba ce mai tauri kamar katako, tana ƙara tana kuma gajiyar da wuyan hannu. A 1997 Roland ta fito da V-Drums masu fuskar raga, wadda ta yi aiki a kanta tare da kamfanin Remo, kuma daga nan ne bugun hannu ya yi sauƙi sosai, don iska tana ratsa ragar maimakon ta tura ta. Yamaha ta bi wata hanyar da fuska ta silikon mai ƙananan ramukan iska a ciki. Wanda ke da faifan roba zalla, sauya ko da gangar tsakiya ce kaɗai zuwa ta raga zai rage ƙwas-ƙwas ɗin ɗaki a fili. Raga mai ninki ɗaya ta fi mai ninki biyu ko uku shiru, sai dai ba ta kai su daɗewa ba. Idan aka ɗaure ta tamau sautinta yana ƙara kaifi, idan kuma aka sake ta da yawa sanda za ta riƙa nutsewa har ta murƙushe ɗan soson da ke ɗauke da bugun zuwa na'urar ji da ke ƙasa. Matsakaicin ɗauri ake so, kuma a murɗa kusoshin daidai da juna, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan.

Farantan roba su ne suka fi komai ƙara a iska, musamman wanda ake riƙe kari da shi. Sanda mara nauyi tana taimakawa: 7A ta fi 5A sirantaka, 5A ta fi 5B, kuma ta itacen mapul ta fi ta hikori rashin nauyi. Bugu da kan sanda ya fi bugu da kafaɗarta a bakin faranti shiru. Kar a matse goron da ke riƙe farantin har ya ƙame, a bar shi yana ɗan lilo, domin farantin da ya ƙame yana miƙa dukan kai tsaye zuwa firam, firam kuma ya kai ƙasa.

Akwai gyaran da ba ya cin kobo, wanda mutane da yawa ba su taɓa leƙawa ba, yana cikin akwatin sauti. Kowane faifai yana da saitin saurin ji da saitin yadda ƙarfin duka ke juyewa zuwa ƙarfin sauti. Idan saurin ji yana ƙasa, dole makaɗi ya yi duka da ƙarfi kafin ya ji cikakken sauti a kunnensa. A ɗaga shi mataki biyu ko uku, musamman na gangar ƙafa, a saiti na biyun kuma a zaɓi wanda ke ba da sauti mai kauri daga duka mai sauƙi, sai ƙafa ta rage wa kanta ƙarfi ba tare da an ce mata ba. Amma a yi a hankali. Idan an wuce gona da iri, bugu mai taushi da mai ƙarfi za su koma ɗaya, makaɗi ya rasa hannunsa, ranar da ya zauna a kan gangar fata a coci ko a sutudiyo sai ya ga ba ya iya fitar da sauti. Haka kuma faifan da ya cika saurin ji yana amsa dukan da aka yi wa maƙwabcinsa.

Salon taku shi ma yana da nasa kaso. Masu ɗaga diddige su danna guduma su bar ta manne da faifai suna zuba duk nauyin ƙafa a ƙasa. Wanda ya ajiye diddige, ko ya bar gudumar ta dawo da kanta bayan duka, jijjigarsa ba ta kai ta wancan a kunnen na ƙasa ba. Ƙafar hagu kuma, mutane da yawa suna buga kari da diddigenta a ƙasa ba su ma sani ba. Game da kan guduma, mai taushi ya fi mai tauri shiru, har akwai waɗanda aka yi da ƙwallon tanis. Sai dai a guji sa kan guduma na gashin ulu a kan fuskar raga, yana cin ta kamar sandfefa har ta huje. Idan dole ne, a manna faci a wurin da yake sauka.

Wanda abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a gidansa, akwai fedojin da ba su da guduma sam, irin Roland KT-9 da Yamaha KU100. Sun cire bugu ɗaya daga cikin ukun nan da aka lissafa, kuma bambancin babba ne. Abin da aka rasa shi ne jin lilon guduma a ƙafa, wanda mai koyon gangar gaske yake buƙata. Shawarar da ta fi ita ce a ajiye feda biyu, mai guduma da rana, mara guduma da dare.

Dakali mai shawagi

Nan ne ake yawan asarar kuɗi, don haka a tsaya a fahimci ƙa'idar. Abin da ake so shi ne a raba ganga da ƙasa ta hanyar ɗora ta a kan abu mai nauyi, a ɗora mai nauyin a kan abu mai laushi. Nauyi da laushi tare, ɗaya ba ya aiki ba ɗaya. Duk direban babbar mota ya san wannan: idan motar ba kaya, kowane rami sai ya ji shi a ƙashin bayansa, don sifirin bai danne ba. Da an loda mata buhuna sai ta riƙa tafiya luf-luf. Idan kuma lodin ya wuce kima sifirin ya kwanta, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, an koma gidan jiya.

Kowane nauyi da ke kan abu mai laushi yana da adadin kaɗawar da yake yi da kansa a daƙiƙa, wanda ake aunawa da Hz. Ƙa'idar ita ce dakali ba ya fara tare jijjiga sai wadda saurinta ya haura nasa da kusan ninki 1.4. Wadda ke kusa da nasa kuwa ƙara mata ƙarfi ma yake yi. Ana iya ƙiyasta wannan adadi daga yadda abin laushin ya nutse a ƙarƙashin kaya: nutsewar milimita 1 tana ba da kusan Hz 16, milimita 2.5 kusan Hz 10, milimita 4 kusan Hz 8, santimita 1 kuma Hz 5. A roba da soso adadin gaskiya yana ɗan fin haka, domin suna ƙara tauri idan duka ya zo da sauri. Yanzu a ɗauki dim-dim na Hz 50, irin wanda ke ratsa dekin. A lissafi, dakalin da ke kan Hz 10 kusan kashi 4 cikin ɗari kawai zai bari ya wuce. Wanda ke kan Hz 30 zai bar fiye da rabi, kuma duk abin da ke ƙasa da Hz 42 ƙara shi zai yi. Wannan ne dalilin da wani zai shimfiɗa tabarmar roba, maƙwabci ya dawo ya ce yau ma abin ya fi jiya.

Tabarmar roba ta ɗakin motsa jiki, da irin masu haɗe-haɗe na wasan yara, da kafet mai kauri, duk suna da amfaninsu: suna kashe ƙwal-ƙwal na ƙarfe a kan tayil, suna hana ganga zamewa. Amma ba sa nutsewa, saboda nauyin ya bazu a kan fili mai faɗi, kowane ɗan yanki kaɗan ne ya same shi. Abin da bai nutse ba bai zama sifirin ba. Katifar soso kuma akasin haka take yi, tana nutsewa har ta kwanta a inda nauyi ya fi, gangar ta karkace, feda ta riƙa gudu daga ƙafa. Abin laushi ana sa shi ne gutsure-gutsure, a wurare ƙidayayyu, yadda kowane gutsure zai ɗauki kayan da ya dace da shi.

Dakalin ƙwallon tanis shi ne wanda ya fi yaɗuwa a tsakanin makaɗa, kuma kowane kafinta zai iya yin sa. Falle ɗaya na MDF, wato allon garin katako da aka matse, ko filawud mai kaurin milimita 18, mai girman santimita 122 da 244, idan aka raba shi biyu zai ba da murabba'i biyu na 122 da 122, wanda ya ishi ganga idan kujera za ta zauna a waje. Fallen MDF ɗin gaba ɗaya yana kai kusan kilo 40. A ɗora guda a kan guda, a matse su, a huda ramuka su ratsa duka biyun a tare don su dace da juna. Faɗin ƙwallon tanis kusan santimita 6.7 ne, don haka ramin ya zama 4.5 zuwa 5. A ramin 4.5 ƙwallo tana shiga kowane allo ƙasa da santimita 1, ta bar tazarar kusan 5 a tsakani, tsayin dakalin duka ya zama kusan 8 da rabi. Idan ramin ya kai 6, ƙwallon za ta leƙo ta wancan gefen allon ta taɓa ƙasa, aikin ya lalace. A fara da ƙwallaye 12 zuwa 16, a jera wasu kusa da baki don kar dakalin ya tuntsure idan an taka gefe, a ƙara matso da su a ƙarƙashin fedoji. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika ƙwallaye talatin ko arba'in da tunanin yawa shi ne kyau. Kowace ƙwallo da aka ƙara tauri ta ƙara. A auna tazarar allunan da rula kafin a ɗora kaya da bayan an ɗora. Idan ba ta ragu da milimita biyu ko uku ba, a cire wasu. Don kar allon sama ya zame, a ɗaure su a kusurwoyi da igiyar roba mai zarge, sako-sako. Kada a taɓa haɗa su da ƙusa ko noti mai matsewa, domin ƙarfe ɗaya tak da ya haɗa sama da ƙasa gada ce da jijjiga za ta haye ta bar ƙwallayen suna kallo. A ƙarshe a shimfiɗa tabarmar roba a ƙarƙashin allon ƙasa, a manna kafet a kan na sama.

Gaskiyar magana, ƙwallon tanis tana da ɗan tauri, kuma sakamakonta ya danganta da ginin. Mai iska a ciki tana sacewa a hankali, bayan watanni wasu sun lotse wasu ba su lotse ba, dakalin ya fara ɗingishi. Irin da ake yi don atisaye, marasa matsin iska, sun fi riƙe siffarsu.

Wanda ke son abin da za a iya lissafawa, akwai Sylomer, soson masana'antu na kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya, wanda ake sa wa a ƙarƙashin injuna da layin dogo. Kowane launi da nauyin da yake ɗauka. Mafi laushi, SR 11 mai launin rawaya, an yi shi ne ya ɗauki kusan kilo 11 a kan yanki mai santimita 10 da 10. Lissafin ke nan mai sauƙi: alluna kilo 40, ganga da fedoji kamar 25, nauyin ƙafafun makaɗi kamar 20, jimla 85, ke nan yanki takwas. A wannan tsari ba a buƙatar allon ƙasa. A manne allunan biyu da gam su zama nauyi guda, a sa yankunan a ƙarƙashinsu kai tsaye. Soson yana zuwa da kaurin milimita 12.5 da 25, kuma ninka na 25 sau biyu yana ƙara nutsewa ya saukar da adadin kaɗawa. Kar a yanka shi ƙanana ainun, yanki ƙarami yana buɗewa ta gefe ya kasa ɗaukar abin da lissafi ya ce.

Inda wannan soso ke wuyar samu, robar cikin tayar keke ko ta baro tana aiki fiye da yadda ake zato, don iska sifirin ce mai laushi ƙwarai. A sa uku ko huɗu a ƙarƙashin allo, a hura musu iska kaɗan kawai, yadda yatsa zai iya lotsa su cikin sauƙi. Idan aka hura tamau sun zama dutse. Matsalarsu biyu ce: suna sacewa, sai an riƙa dubawa duk mako, kuma suna lilo. Wannan lilon yana da lokacin da yake tsananta. Mai feda biyu da ke buga huɗu-huɗu a kowane kari, a gudun kari 150 a minti, yana sauke duka 10 a daƙiƙa, idan dakalinsa ma a kan Hz 10 yake, kowane duka turi ne a kan lilo. Maganinsa ƙarin nauyi a sama. Falen kankare na daɓe mai santimita 40 da 40, kaurin 4, yana kai kusan kilo 15, biyu ko uku a kan allon suna kwantar da shi.

Kujera fa, a kan dakali ko a ƙasa? Idan tana sama, nauyin makaɗi ya shiga lissafi, dakalin ya ƙara nauyi, wanda abu ne mai kyau, amma sai an ƙara tsawonsa zuwa kamar santimita 160 da ƙarin matallafa a ƙarƙashin mazauni, kuma duk motsin jiki sai farantai sun yi rawa. Idan tana ƙasa, zama ya fi tabbata, kayan sun fi araha, sai dai dole a ɗaga ta daidai tsayin dakalin, in ba haka ba gwiwa za ta haura ƙugu, baya ya fara ciwo. Ga yawancin mutane kujera a ƙasa ta fi, domin jijjigar da ke bi ta kujera kaɗan ce.

Akwai na kanti ga mai hali. Roland tana sayar da NE-10, allon da ake sa wa a ƙarƙashin feda, da NE-1 na ƙarƙashin ƙafafun firam, duka masu ƙwallayen roba rabi-rabi a ƙasa. A 2024 ma ta fito da ganga sukutum, VQD106, da aka tsara don rage ƙarar duka tun daga tushe. Wanda zai sa irin waɗannan alluna ya tuna faifan gangar ƙafa shi ma sai an ɗaga shi, don idan feda na shawagi faifan na zaune a kan tayil, rabin aiki aka yi.

Abubuwan da ke kashe dakali bayan an gama shi ƙanana ne. Gefensa ya jingina da bango: a bar tazarar yatsu uku ko'ina. Ƙafa ɗaya ta firam ko ta sandar faranti ta sauka a ƙasa. Tsinin da ke ƙarƙashin feda ya huda kafet da allo. Wayar da aka ja tamau zuwa soket. Sai ruwa: MDF yana kumbura idan ya jiƙe, kuma a gidan da ake goge tayil da ruwa kullum, ko inda damina ke sa ɗaki laima, filawud ya fi shi daɗewa ko da bai kai shi nauyi ba.

Wurin da aka kafa gangar shi ma yana iya fin dakalin tasiri. Ɗakin ƙasa da ke zaune a kan turɓaya ya fi kowane ɗakin bene. Idan bene ne dole, tsakiyar ɗaki ce ta fi rawa, kusa da ginshiƙi ko a kan bim ya fi ƙarfi, muddin ba a taɓa bango ba. A leƙa a ga me ke ƙasa: saman kicin ko baranda ya fi saman ɗakin kwana. A gidajen Turai, Amurka da Japan masu daɓen katako, benen ba shi da nauyi, dim-dim yana ratsa shi cikin sauƙi, shi ya sa makaɗan can suka fi kowa wahala da wannan batu. Benayen Abuja, Kaduna, Jos ko Yamai galibi na kankare ne, kuma dekin mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kusan kilo 360 a kowane murabba'in mita. Wannan nauyi yana taimakawa wajen ƙasan sauti, amma tayil ɗin da ke kansa yana kai ƙwal-ƙwal nesa.

Ƙarar iska kuwa nauyi da toshe kafa ne maganinta. Kwalin ƙwai da soson da ake mannawa a bango ba sa hana sauti fita, amsa-kuwwar cikin ɗaki kawai suke ragewa, kwalin ƙwai ma ko wannan bai cika yi ba, ga haɗarin gobara. Ninka nauyin bango sau biyu yana ƙara kusan desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 5 zuwa 6 na kariya, amma kafar da ta kai kashi 1 cikin ɗari na faɗinsa tana tsayar da kariyar a desibel 20 komai kaurin bulo. Don haka ƙofa ce farkon abin dubawa: a manna roba a zagayen firam ɗinta, a sa mashari a ƙasanta, idan mai rami ce a ciki a ƙara mata falle. A kashe fitila da rana a duba, duk inda haske ya shigo sauti zai fita. Tagar luba ba ta rufuwa ruf, kuma zafi yana tilasta a buɗe taga, don haka a juya gangar nesa da tagar da ke kallon maƙwabci. A gidajen haya da yawa bangon da ya raba ɗakuna a silin ya tsaya, sama da shi fili ɗaya ne a ƙarƙashin kwano. A irin wannan gida ta sama sautin ke tsallakawa, kuma cike wannan gurbi da bulo magana ce ta mai gida, sai an nemi izininsa.

Sifika, musamman mai ƙasan sauti da aka ajiye a kan tayil, tana rushe duk wannan aiki, a bar ta sai ranar wasa. Hedifon mai rufe kunne ruf ya fi, don yana toshe ƙwas-ƙwas na roba, mutum ba ya buƙatar ƙure sauti don ya danne shi. Kunne ma yana da iyakarsa: ma'aunin NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, shi ne desibel 85 na awa takwas, duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, a desibel 100 minti 15 ne kawai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar cikin ɗakin kwana ta wuce desibel 30 da dare, a Najeriya kuma akwai dokar ƙayyade ƙara ta 2009 da hukumar kare muhalli ta NESREA ke kula da ita. Amma da wuya maganar gangar atisaye ta kai can, tsakanin ƙofa biyu ake gama ta. Babu dakalin da ke mayar da jijjiga sifili, kuma bugun da ba a lura da shi da la'asar, lokacin da janareto da babura ke ruri, shi ne ke tashin jariri da ƙarfe ɗaya na dare. A je wa maƙwabci tun bai zo ba, a tambaye shi lokacin barcinsa da na yaransa, a kauce wa lokutan salla da na ibada, a ba shi lambar waya ya kira idan abin ya yi yawa. Bayan an gama dakalin a sake gwajin farko, feda ɗaya-ɗaya, shi yana tsaye a ɗakinsa yana faɗin abin da ke isowa. A rubuta tazarar allunan da alli a gefen dakalin a ranar, a sake aunawa bayan wata uku. Idan ta ragu sosai ko wani gefe ya fi wani, ƙwallaye sun lotse ko iska ta sace, a sauya su duka lokaci guda, kar a haɗa sabuwa da tsohuwa.